Kafin a sayar da fili don karatun jinya

Kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawarta, wata kasuwa takan ci a Zariya wadda ba ta da rumfa, ba ta da ranar ci. Hajarta gurbin karatun jinya ne, masu sayenta kuwa iyaye. Wanda ya fito daga Hanwa ya ratsa Kwangila, ko ya gangara ta PZ ya haye Kubanni zuwa Tudun Wada, zai ga tallarta manne a jikin katanga da turakun lantarki, ban da wadda ke yawo a WhatsApp: hoton budurwa cikin fararen kaya, abin sauraron ƙirji rataye a wuyanta, sai alkawura jere a ƙasa. Digiri cikin shekara uku. Babu ruwanki da JAMB. Aiki na jiran ki a Ingila.

Ba ni da ta cewa da yarinyar da ta ga wannan hoto ranta ya biya. Shekarunta goma sha bakwai, kuma abin da take so sana'a ce mai daraja. Rigimata da manya ce. Da farko masu buɗe makarantu suna sayar da abin da ba su mallaka ba, sa'an nan mu iyaye da yayye da kawunnai, waɗanda idan aka zo zaɓen makaranta sai mu yi tambayoyi uku mu tsaya: jami'a ce ko kwaleji, shekara nawa ake yi, nawa ne kuɗin. Duk cikinsu babu wadda ta taɓa gundarin al'amarin. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne ko wannan makaranta tana da ikon kai ɗalibarta zauren jarrabawar lasisi, da kuma asibitin da za ta koyi aiki a cikinsa. Wanda bai sami amsar waɗannan biyun a rubuce ba, bai kamata ya biya ko sisi ba, ko da ginin makarantar ya fi na majalisar dattawan Jami'ar Ahmadu Bello tsawo.

Dalili kuwa yana cikin doka. A Najeriya jami'a ba ta mayar da mutum nas. Jami'a digiri take bayarwa. Mai ba da izinin taɓa majiyyaci ita ce Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka fi sani da NMCN. An kafa ta a siffarta ta yanzu da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979, aka haɗe hukumar jinya da ta ungozoma waɗanda tun zamanin Turawa kowace ke cin gashin kanta. Ita ke riƙe da kundin rajista, ita ke shirya jarrabawar ƙwarewa, ita ke ba da lasisi tana sabunta shi. Duk wanda sunansa ba ya cikin wannan kundi, idan ya kira kansa nas ya kama aiki, laifi ya aikata a idon doka, komai yawan takardun da ke cikin jakarsa.

Ashe ke nan ƙofar karatun jinya a jami'a kwaɗo biyu gare ta, kuma mabuɗansu ba a hannu ɗaya suke ba. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce ke sahale wa jami'a ta buɗe kwas, ta kuma dawo ta tantance shi lokaci bayan lokaci. Da amincewarta ne digirin ke zama digiri, har mai shi ya sami shiga bautar ƙasa. NMCN kuma tantancewarta daban ce: malamai nawa ne masu rajista, ina ɗakin gwaji, wane asibiti, gado nawa. Jami'a tana iya samun lasisin zama jami'a alhali ba a sahale mata kwas ɗin jinya ba. Tana iya samun sahalewar NUC a kan kwas ɗin alhali NMCN ba ta amince da shi ba tukuna. A nan ne masu talla suke wasa da harshe. Sai ka ji an ce "gwamnati ta amince da mu", kuma ba ƙarya aka yi ba, sai dai an faɗi rabin gaskiya an haɗiye rabin da ya fi tsada. Wace hukumar ce ta amince? Da wane kwas? A wace shekara, kuma har zuwa yaushe? Hukumomin biyu suna wallafa sunayen makarantu da kwasa-kwasan da suka amince da su a shafukansu na intanet. Uban da ke iya kwana yana bibiyar farashin masara a kasuwar Giwa ta waya, zai iya ba wannan bincike rabin sa'a.

Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa, domin yana kama mutane har a makarantun da aka amince da su. NMCN ba ta ba makaranta izini a buɗe. Takan ƙayyade mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka gwargwadon malamanta da kayan aikinta. Makarantar ce za ta tura sunayen ɗalibanta, hukumar ta ba kowannensu lambar shaida, abin da ɗalibai ke kira indeksin. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar lasisi ba. To, a ɗauka an ba makaranta gurbi 100, ita kuma ta ɗauki 300 saboda kowane kai kuɗi ne. Ɗari biyun nan ina za su? Wasu a tankaɗe su da jarrabawar shekarar farko bayan an karɓe kuɗinsu, wasu a tura su wani kwas da ba su nema ba, wasu kuwa a bar su suna jiran layi, 'yan ajin baya na taruwa a kansu, shekara biyar ta koma bakwai. Uba yana gida yana lissafin ranar yaye ɗalibai, bai san sunan ɗiyarsa bai taɓa isa Abuja ba. Wannan ba sakaci ba ne. Duk shugaban makarantar da ya ɗauki ɗalibi na 101 ya san abin da yake yi, kuma ya kamata a kira abin da sunansa, wato cin amanar marasa ƙarfi.

Gwamnatin tarayya ta faɗaɗa guraben sosai a 'yan shekarun nan. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da ɗaga adadin ɗaliban da makarantun horar da ma'aikatan lafiya za su ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ina maraba da niyyar, amma gurbi a takarda yake ninkuwa cikin dare ɗaya. Malamin da zai tsaya a kan ɗaliba tana koyon sa robar fitsari ba ya ninkuwa haka, gadon asibiti ma haka. Saboda haka faɗaɗawar ta ƙara wa iyaye aikin bincike ne, ba ta rage musu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ce mutumin Hanwa ne ake yi wa wannan rufa-ido. Unguwanni ƙalilan ne a arewacin Najeriya suke zaune a tsakiyar makarantun jinya kamar yadda Hanwa take. Ka miƙe hanyar Samaru, ga Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, da sashenta na kimiyyar jinya. Ka zarce kaɗan, ga asibitin koyarwa a Shika, wanda ya tare a mazauninsa na dindindin a 2005. Ka juya Tudun Wada, ga tsohon asibitin da makarantar jinya ta asibitin koyarwar, wadda ta yaye da yawa daga cikin manyan nas-nas ɗin da ke riƙe da asibitocin arewa. Ka nufi Wusasa, ga asibitin St. Luke's na 'yan mishan, wanda tarihinsa ke komawa ƙarshen shekarun 1920, shi ma da makarantarsa ta jinya. Jihar Kaduna tana da kwalejinta ta jinya da ungozoma mai rassa a Kafanchan da Tudun Wadar Kaduna da Pambeguwa. A kusan kowane layi na Hanwa akwai gidan wata nas ko wani malamin asibiti da ya yi shekara ashirin yana aikin dare. Amma sai a tsallake duk waɗannan a je a nemi shawarar dillalin da ba a san inda yake kwana ba, don kawai shi ne ya faɗi abin da kunne ke son ji.

Na san amsar da za a ba ni: ai mun nemi ABU ba mu samu ba. Gaskiya ne, kuma ba zan raina wannan ciwo ba. Kwas ɗin jinya yana cikin waɗanda aka fi rububinsu a jami'ar, masu nema sun ninka guraben sau da yawa, kuma yarinya tana iya cin maki mai kyau ta rasa. Amma rashin samun ƙofa ba ya halatta faɗawa rijiya. Sharuɗɗan ba ɓoyayyu ba ne: kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, sa'an nan jarrabawar JAMB a Turanci da darussan kimiyyar nan uku. Tun 2017 kuma duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ta hukumar JAMB ba, ba gurbi ba ne. Makarantar da ta ce za ta ɗauki ɗiyarka ba tare da Fiziks ba, ko ta ce a fara karatu daga baya a gyara takardu, ta riga ta gaya maka irin makarantar da take. Haka nan mai cewa a karɓi wani kwas na daban a jami'a, bayan shekara ɗaya zai sa hannu a mayar da ita sashen jinya. Sashen da aka ƙayyade wa adadi ba shi da wurin da zai ajiye baƙi, kuma da wuya irin wannan alkawari ya cika.

Sai batun suna, inda ake yi mana biri ya yi kama da mutum. Ba duk mai fararen kaya a asibiti ne nas ba. Jami'in lafiyar al'umma, wanda ake kira CHEW, sana'arsa daban ce, hukumar da ke masa rajista ma daban, kuma kwalejoji irin ta Shehu Idris da ke Maƙarfi sun daɗe suna horar da su. Aiki ne mai mutunci, shi ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara. Digirin kiwon lafiyar jama'a shi ma ilimi ne mai amfani. Amma babu ɗaya cikinsu da ke ba mutum lasisin jinya, kuma wanda ya sayar maka da ɗayansu da sunan "kusan duk ɗaya ne" ya cuce ka. Mafi muni shi ne abin da ake kira okzilari, inda yarinya za ta biya kuɗi a wani asibitin kuɗi, ta yi shekara biyu tana share ɗaki tana koyon allura da ka, a ɗinka mata kaya, a yi walima, a ba ta takardar da ba ta da gurbi a kowane kundi na ƙasar nan. Daga nan sai kemis ɗin unguwa, sai ƙarin ruwa a ɗakin majiyyaci ba tare da sanin abin da ke damunsa ba. Iyayenta sun yi asarar kuɗi, maƙwabta kuwa abin da za su yi asara ya fi kuɗi.

Tsallaken iyaka kuma labari ne mai zaman kansa. A watan Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta wallafa binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya sayo digirin aikin jarida daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. Daga baya a shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano mutum sama da 22,000 masu ɗauke da takardun bogi daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i biyar kacal a Benin da uku a Togo gwamnati ta sani. A cikin waɗanda guguwar ta kwashe babu shakka akwai yaran da suka zauna suka yi karatu da gaske, iyayensu suka biya da gumi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, amma a wannan karon maratayin shi ne dillalin da ya kai su.

Ba ina cewa duk makarantar da ke wajen Najeriya ta banza ba ce. 'Ya'yan Kano da Katsina da Zariya da yawa sun yi karatun jinya a Maraɗi da Yamai da Khartum da Alƙahira, wasunsu suna aiki yau cikin ƙwarewa. Abin da ba a gaya wa iyaye shi ne, wanda ya yi karatu a waje ba ya dawowa ya kama aiki kai tsaye. Sai an tantance takardunsa, ya yi zaman daidaitawa a makarantar da NMCN ta zaɓa, ya kuma zauna jarrabawarta kamar kowa. Idan aka haɗa wannan da shekarun da aka ce an rage, sai a ga sauri ya haifi nawa. Ga kuma abin da ba ya cikin lissafin kowa. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya koro ɗaliban Najeriya masu yawa, galibinsu 'yan arewa, a tsakiyar karatu. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024. Faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta sa kuɗin makarantar da aka ƙulla da sefa ko dala ya koma wani abu daban a hannun uban da ke karɓar albashi da naira.

Yanzu a ɗauka an tsallake duk waɗannan ramuka, makarantu biyu ko uku ne a gaba, dukkansu halattattu. Da me za a auna su? Da asibiti. Jinya sana'ar hannu ce da ido da hanci. Ana karanta ilimin sassan jiki da na magunguna a aji, amma gane cewa numfashin yaro ya canza, ko cewa jinin da mai jego ke zubarwa ya wuce ƙima, ko cewa ciwon kan mai ciki da kumburin ƙafarta alamar jijjiga ce ke tafe, wannan a gefen gado ake koyonsa, ƙarƙashin idon wadda ta gani sau ɗari. Shi ya sa jami'ar da ke da asibitin koyarwa nata, kamar ABU da Shika, ko Bayero da asibitin Malam Aminu Kano, ko Usmanu Danfodiyo da nata a Sakkwato, take da fifikon da fenti da na'urar sanyaya ɗaki ba za su saya ba. Sabuwar jami'ar kuɗi wadda ba ta da asibiti takan ƙulla yarjejeniya da wani asibitin gwamnati, kuma wannan ba laifi ba ne. Sai dai a tambaya: makarantu nawa ne ke tura ɗalibansu wannan asibitin a lokaci guda? Ɗakin haihuwa mai gado shida, idan ɗalibai arba'in suka kewaye shi, kallo suka zo yi. Za su cika littafin aikinsu da sa hannu, su fita ba su taɓa karɓar haihuwa ba.

Saboda haka nake ganin wajibi ne uba ko uwa su taka da ƙafarsu. A je makarantar ranar aiki, ba ranar da aka shirya wa baƙi ba. A nemi ɗaliban ajin ƙarshe, a ja ɗaya gefe a tambaye ta: ku nawa kuka fara, ku nawa kuka rage, kin sami lambarki, a wane aji, waɗanda suka gabace ku nawa suka zauna jarrabawar hukuma, nawa suka ci. A Amurka hukumomin jinya na jihohi suna wallafa sakamakon kowace makaranta a jarrabawar lasisi, kowa ya gani ya zaɓa. Ban ga abin da zai hana a tilasta wa kowace makaranta a nan ta rubuta adadin gurabenta da sakamakon ɗalibanta na shekaru uku a kan takardar tallarta ba, da haruffa masu girman na hoton budurwar. Makarantar da ke alfahari da aikinta za ta yi murna da wannan doka. Wadda ta ce sirri ne, ta amsa tambayar.

To, digiri ko kwaleji? A nan zan ɓata wa ɓangarori biyu rai. Masu cewa digiri ƙawa ce kawai, aikin duk ɗaya ne, sun makara. Tun 1965 Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya, kuma alƙiblar sana'ar a duniya ta karkata zuwa jami'a. Digirin jinya shekara biyar ne, a cikinsa ɗalibi yana zama jarrabawar jinya, a mafi yawan jami'o'i har da ta ungozoma, sa'an nan shekara guda ta sanin makamar aiki, sai bautar ƙasa. Mai shi yana shiga aikin gwamnati a mataki mafi girma, hanyar digiri na biyu da na uku da koyarwa a buɗe take gare shi, haka ma kujerun shugabanci na sama. Wadda ta sami gurbi na gaskiya a jami'a ta gaskiya, kuma gidansu zai iya ɗaukar nauyin shekarun, kada ta yi wata-wata.

Amma masu raina kwaleji, waɗanda ke jin kunyar a ce ɗiyarsu "sukul of nasin" take, su ma sun ɓata. Lasisin da mai digiri ke karɓa da wanda ɗalibar kwaleji ke karɓa daga hukuma ɗaya suke fitowa, bayan jarrabawa iri ɗaya. Tsohon tsarin makarantun jinya shekara uku ne. Yanzu yawancinsu suna komawa kwalejojin kimiyyar jinya masu ba da ƙaramar difloma da babba cikin shekara huɗu, ƙarƙashin kulawar hukumar ilimin fasaha ta NBTE mai hedikwata a Kaduna, kuma ta JAMB ake shiga. Ɗalibar irin wannan kwaleji da ke manne da babban asibiti takan fi wasu masu digiri sanin ɗakin majiyyata. Ƙofar digiri kuma ba ta rufe mata ba: nas mai rajista tana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, ko ta yi digirin tana aiki ta cibiyar karatu daga nesa ta ABU ko Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, waɗanda kwas ɗinsu na jinya na masu lasisi ne, ba na sababbin shiga ba. Wannan hanya ta fi tsawo, kuma rikicin fifita digiri a kan babbar difloma a aikin gwamnati bai mutu ba. Duk da haka, ga yarinyar Hanwa da za ta iya hawa Keke Napep zuwa makaranta, ta kama aiki da wuri ta tallafi gida, ta fi digirin da ba shi da lamba nesa ba kusa ba.

A sa yajin aiki ma cikin lissafi. Na ƙungiyar malaman jami'o'i a 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan ne babban makamin tallar jami'o'in kuɗi, kuma hujja ce ta gaske. Sai dai kuɗin da ake faɗa a takardar talla na shekarar farko ne. A tambayi na aji uku zuwa biyar, lokacin da ake ƙara kuɗin zuwa asibiti, da na lambar shaida, da na jarrabawar hukuma, da na masauki. Filin da aka sayar sau ɗaya ake sayar da shi, makaranta kuwa kowace shekara take buɗe baki. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, ɗaliban makarantun gwamnati yake ɗauka.

Saura Ingila, wadda ita ce ainihin hajar da ake sayarwa. A Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku, sama da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. A watan ne hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantance takardu ga masu son fita, har da sharaɗin aikin shekara biyu bayan samun lasisi, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ba ni cikin masu tsine wa wanda ya tafi. Wadda ta kwana ita kaɗai a kan majiyyata talatin da fitilar waya, albashinta bai kai ta ƙarshen wata ba, tana da haƙƙin neman inda za a san darajarta. Abin da nake so mai mafarkin fita ya fahimta shi ne, hanyar Landan ma ta ofishin NMCN ta bi. Hukumar jinya ta Birtaniya ba ta yi wa baƙo rajista sai hukumar ƙasarsa ta tabbatar da shi, bayan jarrabawar Turanci da ta kwamfuta da ta gwajin aiki. Kuma idonsu a buɗe yake. A 2023 hukumar ta Birtaniya ta gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta a Ibadan, ta soke sakamakon cibiyar, lamarin ya shafi mutum kusan 2,000, har da waɗanda ba su ji ba su gani ba. A farkon 2023 kuma hukumomin Amurka suka bankaɗo cinikin takardun jinya na bogi sama da 7,600 daga wasu makarantu a jihar Fulorida. Gajeriyar hanyar da dillali ke nunawa ita ce ta farko da ake toshewa.

Akwai kuma wadda ba a gayyato ta teburin shawara ba, alhali a kanta komai zai ƙare. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 na haihuwa a Najeriya ne ƙwararren ma'aikacin lafiya ke karɓa, a arewa maso yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya ɗora wa Najeriya fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya. Matar da danginta suka yi ta maza suka ɗauko ta daga ƙauye cikin dare zuwa asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan ba za ta tambayi wadda ta tarbe ta ko jami'a ta yi ko kwaleji ba. Abin da zai raba ta da mutuwa shi ne ko hannun nan ya taɓa tsayar da jini a gaban malama. Shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohi irin su Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe da Kano, ya nuna akwai wata hanya ga yaran da makinsu bai kai ba: ya ɗauki 'yan matan karkara ya ba su shekarar share fage har suka cika sharuɗɗa, maimakon a sassauta sharuɗɗan. Abin da gida zai iya kwaikwaya ke nan. Yarinyar da ta faɗi Kemistiri ta sake zama, wadda makinta na JAMB ya gaza ta sake shiri, ta kuma sa kwalejin jinya cikin zaɓinta tun wajen cike fom.

Su ma samari a daina kore su daga wannan sana'a da sunan aikin mata ne. Ɗakunan maza da na haɗari da na masu taɓin hankali suna neman su. A daina kuma tura wanda ya rasa likitanci zuwa jinya don ya rage zafi, domin wanda ya shiga da raini da wuya ya jure wankin gyambo da aikin dare. Kafin a cike fom, a roƙi wata nas ta unguwa ta zauna da yaron ko yarinyar ta gaya musu yadda daren aiki yake tun daga karɓar aiki har miƙa shi da safe. Idan bayan wannan suna nan a kan bakansu, sai a ɗauki takarda a rubuta sunan makarantar, a duba shi a jerin NMCN, a duba kwas ɗin a jerin NUC ko NBTE, a tabbatar gurbin ya fito a CAPS, a nemi adadin da aka ƙayyade wa makarantar da adadin da ta ɗauka bara. Kuɗin kuma a zuba su a asusun makaranta a karɓi rasit, kada su bi ta hannun kowa.